Ƙyauren Rawaya Daga Safele

Kontagora,
20 ga Maris, 1994

Zuwa ga Yayana Muhyiddin,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da Inna, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na Safele. Mun sha ruwa lafiya, mun yi salla lafiya. Zanen da ka aiko ya iso, Inna ta ɗaura shi ranar idi, sai dai ni na gaya mata kalarsa.

Yaya, idon Inna ya ƙara ja da baya. Likitan da ke zuwa daga Minna ya ce ciwon sugan ne ya hau idon. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana binsa a hankali. Ban so in rubuta maka wannan ba, sai da na yaga takardu kafin na iya. Yanzu in na shiga ɗaki sai ta ce, "Wace ce?" sai na yi magana. In na matso daf da ita takan ga fuskata, amma kamar a cikin ruwa, in ji ta. Ta ce in gaya maka ba ta neman komai, tana dai so ta ga ko ka yi gemu. Rabonta da kai tun sadakar arba'in ɗin Baba, ina firamare, ga shi yanzu ina aji biyar a sakandare.

Magana ta biyu, ƙofar zaure. Ƙyauren nan na Baba ya faɗi. Ashe gara ta cinye katakon ta ciki, kwanon da aka buga masa ne kawai a tsaye muna ce masa ƙofa. Ran nan Marta maƙwabciyarmu ta tura shi da ƙafa tana ɗauke da tulu, sai ga shi a ƙasa. Ta tsaya tana kallonsa ta ce, "Ni dai Allah ya gani, sallama kawai na yi." Inna ta yi dariya har da tari. Yanzu zana muke jinginawa. Awakin Marta sun gane, sun shigo sun cinye ƙarshen littafin soyayyar da ƙawata Madina ta ara mini, daidai inda za a san ko saurayin zai dawo. Madina ta ce don haushi ba za ta gaya mini ba.

Na ce wa Inna a kira kafinta. Ta ce a'a, ɗanta a kamfanin ƙofofi yake, ba za ta sa wa gidan ubansa aikin wani ba. Ni kuma sai na yi wani tunani, kada ka yi mini dariya. Na ce ƙofa ai ba zane ba ce da za a naɗe a miƙa wa direba. Dole wanda ya yi ta ya rako ta ya kafa. Ko ba haka ba ne?

Allah ya tsare mana kai.

Ƙanwarka,
Zulaihatu

Safele,
16 ga Afrilu, 1994

Zuwa ga Zulai, autar Inna,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na gode. Ina lafiya, sai ruwan sama da ba ya gajiya a garin nan. Ki gaishe da Inna, ki ce ina yi mata addu'a, ta daure da magani, ta rage tuwon dare. Ki ce mata gemun bai kai a yi doguwar tafiya don a nuna shi ba tukuna.

Maganar ƙofa, kin zo wurin da ya dace. Ki natsu ki karanta, ba irin karatun da kike wa littattafanki ba, kina tsallake shafi kina neman inda aka yi aure.

Akwai ta zallar katako. Tana da kyau, amma a garinmu da damina ta kumbura ta ƙi rufuwa, da rani ta motse ki ga waje ta tsakiyarta, ga gara kuma kin ga aikinta. Akwai ta zallar ƙarfe, irin wadda masu walda ke yi a bakin tasha. Da bazara ba ta taɓuwa don zafi, in yaro ya buga ta sai unguwa duk ta ji, ƙasanta kuma tsatsa ke ci.

Sai ta haɗi, wadda muke yi a sashenmu. Ƙashinta na ciki ƙarfe ne da aka yi wa walda. A kansa ake shimfiɗa katako falle-falle, a jiƙa shi da maganin gara, a manne, inji ya danne shi da zafi har ya zama abu ɗaya. Sannan a lulluɓe ta da wata fata mai tauri kamar roba. Akwai ta banza a kasuwa, cikinta kwali ne. Yadda ake ganewa, ki ƙwanƙwasa: in ta amsa kamar ganga, ki bar ta, in ta amsa kamar kin bugi gindin bishiya, ita ce. Ki duba gefenta kada a ga bakin haɗi. Kuma in mutum ɗaya ya ɗauke ta yana hira, ba ita ba ce. Tamu ruwa ba ya shigarta, gara ba ta cinta, zarto ba ya yankarta. Ita zan yi wa gidan Baba da hannuna.

Naki aikin biyu ne. Ki zaɓi kala da fasali. Sannan ki aiko mini da awo. Kada ki rubuto lambobi, don tef ɗin tela daban, namu daban, mun sha yin asara a nan. Yadda mutanen ƙauye ke aiko mana ya fi: ki sami zare, ki auna faɗin bakin ƙofar ki ƙulla, ki auna tsawo ki ƙulla, ki sa a ambulan.

Maganar zuwa tana raina. Bari ƙofa ta kammala mu gani.

Yayanki,
Muhyiddin

Kontagora,
8 ga Mayu, 1994

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma alhamdu lillahi, an yi ruwan fari, Inna ta ce ƙamshin ƙasa ya fi mata maganin likita. Ta sa na karanta mata takardarka har ta haddace wurin gindin bishiya. Duk wanda ya shigo sai ta ce ya ƙwanƙwasa wani abu ta gaya masa ko na kirki ne. Maganar gemu ce dai ba ta yi wa dariya ba.

Ni da Madina mun je unguwar ma'aikata kallon ƙofofi. Ka san ni da kunya, kaina a ƙasa nake tafiya, ita ce ke cewa, "Ɗago ki gani mana, ba mai aurenki a nan." Mun ga wata mai gilashi da zanen furanni. Yaya, na tsaya har maigadi ya tambaye mu wa muke nema. Irinta nake gani a raina in ina karatu: a ƙwanƙwasa, yarinya ta taso, ta ga inuwar mutum ta cikin gilashin, ta gane shi tun kafin ta buɗe. Da son raina ne, ita zan zaɓa, shuɗiya.

Amma da na dawo gida na ga ba tawa ba ce. Na kwaso ɗankwalaye da tsummoki na rataya su a bakin zaure ɗaya bayan ɗaya, Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. Shuɗi ta ce ba ta ga komai ba. Ja ta ce duhu ne. Kore haka. Da na ɗaga rawaya sai ta ce, "Tsaya, wannan na gan shi." To ka yi mana rawaya, mai haske sosai, don ranar da ka turo ta, ta ga motsinta tun daga inda take.

Inna ma tana da nata zaɓin. Ta ce a yi mata ƙofa mai kuka. Ta ce tsohon ƙyauren Baba da kukansa take sanin wanda ya shigo, turawar Marta daban, tawa daban, taka kuma ba ta manta ba, wai kai sai ka tura rabi ka tsaya kamar mai laifi. Ta ce kada ka sa mata mai.

Ga awo nan. Na yi dabara, za ka yaba mini. Maimakon zaren buhu, na auna da ulun da nake saƙa hulunan jarirai da shi, rawaya ne daidai wanda Inna ta gani, ka ga awo da kala a abu ɗaya. Marta ta hau turmi ta riƙe mini sama tana cewa, "Yi sauri, 'yar boko, in na faɗo ke za ki daka mini dawa." Ƙulli na farko faɗi, na biyu tsawo.

Babbar salla ta matso. Ban ce komai ba, na dai faɗa.

Taka,
Zulai

Safele,
19 ga Yuni, 1994

Zulai,

Salamu alaikum. Lafiyata lau, ina fatan kun yi salla lafiya. Ki yi wa Inna sannu da jiki.

Zarenki ya iso. Na kafa ƙusa a kan teburin aiki na ja shi sosai ya miƙe, na fitar da awo. Ƙofa ta kammala. Abokan aikina suna ta tsiya, wai wa zai sa rawaya a ƙofar gida in ba mai sayar da lemo ba, amma manajanmu da kansa ya tsaya ya shafa ta. Ban sa gilashi ba, gilashi gayyatar ɓarawo ne ga gidan da ba namiji. Maganar kuka kuwa, ki ce wa Inna ta yi haƙuri. Ƙofar kirki ba ta kuka. Zan haɗo da 'yar ƙararrawa a rataya mata.

Akwai Irmiya, mutumin Beri, mai babbar motar da ke kai katako Kontagora. Na yi magana da shi, farkon watan gobe zai taso. Na nemi hutu. In sun ba ni, ni ne a gaban mota kusa da shi, ki tanadar mini fura. In kuma ba su ba ni ba, don abubuwa sun fara rikicewa a nan, sai ki sa Sati magini ya kafa ta, ba wuya.

Yayanki,
Muhyiddin

Kontagora,
14 ga Agusta, 1994

Yayana,

Assalamu alaikum. Ban san ko wannan za ta same ka ba. Gidan waya a rufe, an ce yajin aiki, mai ya ɓace, motoci sun yi layi tun daga gidan mai har bayan kasuwa. Wani ɗalibi mai zuwa kudu zan ba. Kana lafiya? Rediyon da ka aiko bara ba ta faɗin abin daɗi game da wajenku, sai in kashe ta in ce wa Inna batir ne.

Na karanta mata takardarka har inda ka ce a tanadar maka fura. Sauran layin na bar shi, don na san za su ba ka hutun. Wane irin mutane ne za su hana?

Tun daga ranar ta koma zaure. Da ta yi sallar walha sai ta lallaba da bango ta shimfiɗa tabarma a bayan zanar. Duk babbar motar da ta yi gunji a titi sai ta ce, "Zulai, leƙa." In na dawo daga makaranta nan nake samunta. Gero kuwa na jiƙa na shanya ban san iyaka ba, furar kuma Marta da 'ya'yanta ke shanyewa. Marta ta ce, "Allah ya sa Muhyiddin ya ƙara wata guda, mun yi ƙiba." Da ta ga fuskar Inna sai ta ce wasa take yi.

Wata ƙaya ta soki Inna a ƙafa ba ta ji ba, wurin ya zama gyambo, ya ƙi warkewa. Shekaranjiya na ɗaga ragowar ulun nan a gabanta ban ce komai ba. Sai da na kawo shi kusa da hancinta sannan ta ce, "Kamar da wani abu."

Yaya, in babu mai, ka zo ko a kan buhunan gawayi ne. Ka bar ƙofar ta biyo ka.

Zulai

Kontagora,
27 ga Satumba, 1994

Yaya Muhyiddin,

Assalamu alaikum. Muna nan. Ƙofa ta iso ranar Asabar.

Ina wanke-wanke na ji mota ta tsaya a bakin lungu, na ji maza suna "a ɗaga, a ɗaga". Na fito da kumfa a hannu. Inna ta riga ni, tana tsaye a zaure ta dafa bango, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Wani mutum ya ɗage zanar ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Kafin in yi magana ta miƙa hannu ta kama rigarsa, ta shafa har fuskarsa. Yaya, mutumin yana da gemu. Ta ce, "Ka yi, ashe ka yi. Ka ce bai kai ba."

Ya tsaya kamar an dasa shi, yana kallona. Can ya ce, "Mama, Irmiya ne. Direba."

Ba ta saki gemun nan da nan ba. Sannan ta ce, "Sannu da hanya, ɗana. Zulai, kawo masa fura." Ta koma ta zauna. Ya sha furarka yana sharar ido, ya ce ka raka shi har tasha, ka ce a gaishe mu.

Ƙofar tana da kyau, ban taɓa ganin irinta ba. Mutum huɗu suka shigo da ita, a karkace, suna nishi. Yaran unguwa sun cika lungu. Na ja hannun Inna na ɗora a kai, na ce, "Kin ga rawayar?" Ta ce, "Na ji ta dai. Sumul." Ta ƙwanƙwasa, ta ce gindin bishiya ne, ɗanta bai yi ƙarya ba.

Jiya Sati ya zo. Ya gwada ta a bakin zaure, ya sauke, ya sake gwadawa. Ta fi wurin faɗi da yatsu huɗu, tsawo kuma ya fi tafin hannu. Ya ce, "Wa ya yi awon nan?" Na kawo masa ragowar zaren. Ya riƙe shi da hannu biyu ya ja, sai ga shi yana ƙaruwa kamar danƙo. Ya ce, "Haba 'yar Malam, da ulu?" Ni ɗora shi kawai na yi a jikin bango ban ja ba, kai kuma ka ja shi ya miƙe. Ban san inda zan sa kaina ba. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka har Marta ta leƙo ta katanga.

Sati ya ce bari a rage ta. Ya sa zarto, haƙoran zarton suka zube, ita ko ƙwarzane kaɗan ne a gefe. Ya ce to sai dai a fasa bango. Amma zauren na ƙasa ne, azarar rufi a kan bakin ƙofar take zaune, ga ginin ya sha ruwa. Ya ce in ya taɓa shi yanzu, a kanmu zai kwanta, sai rani.

Inna ta ce ko rani ya yi ba mai fasa mata bango. Ta ce Baba ne ya gina bakin ƙofar nan da hannunsa, kuma yanzu da hannu ta san shi, in an canza shi ɓata za ta yi a gidanta. Ta ce in za a fasa, ɗan mai ginin ya zo ya fasa, ta ji muryarsa yana yi.

Ƙofar tana jingine a tsakar gida, ruwa na dukanta. Ƙararrawar tana ƙarƙashin matashin Inna.

Laifina ne, na sani. Amma ka ga yanzu ba mai iya gyarawa sai kai. Ka zo ka yi mini faɗa.

Zulaihatu

Safele,
6 ga Nuwamba, 1994

Zulai,

Salamu alaikum. Takardunki biyu sun same ni rana ɗaya. Na karanta na kasa cin abinci. Yaya ƙafar Inna? Ki riƙa kai ta asibiti wankin ciwon, kada ki bari a sa mata na gargajiya.

Kada ki ƙara kuka kan zare. Da na tuna ulu yana ƙaruwa da ban ja ba, ni ma hankalina ba ya jikina lokacin. Amma me ya sa ba ki karanta wa Inna takardata duka ba? Ban yi alkawari ba, Zulai, na ce in sun ba ni.

Ba su ba ni hutu ba, sallama suka ba ni. An rufe sashenmu. Ƙofarku ita ce ta ƙarshe da ta fita daga injin. Na raka Irmiya tasha da jakata a hannu, wallahi da niyyar shiga. Sai na tuna yadda na bar gida ina cewa ba zan dawo ba sai na rushe zauren nan na yi na siminti. In shigo lungunmu ba aiki, ba komai, sai ƙyaure a ka? Na sauke jakar.

Wani ɗan kwangila yana ɗibar masu aikin katako zuwa Gabon ta jirgin ruwa. Na ba da sunana, jibi za mu tashi. An ce wata shida ne. In na dawo zan zo da abin da zan gyara zauren gaba ɗaya, in kai Inna babban asibitin ido. Ki lallashe ta ta bar Sati ya yi aikinsa. In ta ƙi, ku bar ƙofar inda take, ba abin da zai same ta. An yi ta ne don ta daɗe, za ta jira.

Ki ce Inna ta yafe mini. Wannan karon ki karanta mata duka.

Yayanki,
Muhyiddin

Kontagora,
9 ga Janairu, 1995

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban san inda kake ba. Zan ba Irmiya ya kai wa abokan aikinka, ko akwai mai hanyar aika maka. Ina fatan kana lafiya. Ni lafiyata lau.

Na karanta wa Inna duka, kamar yadda ka ce. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Gabon gaba da Makka ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To." Ta ce ta yafe maka, ta ce in rubuta da manyan baƙi. Daga ranar ba ta sake zama a zaure ba.

Gyambon ya hau har ƙauri. Gwaggo Rabi'a, ƙanwar Baba, ta zo daga Ibeto ta zauna da mu. Inna ta rasu ranar Talata da hantsi, ina ba ta koko. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba ta sha wahalar fita ba. Ta ce in ɗaga labule, na ce a ɗage yake, shi ke nan.

Ka san yadda ake yi a unguwarmu, ƙyaure ake cirewa a ɗora a kan duwatsu a yi wa mamaci wanka a kai. Gwaggo ta duba ɗakunanmu, duk asabari ne. Tsohon ƙyauren Baba kuwa tuni ya zama turken awaki. Ana cewa a je a aro a maƙwabta, sai Gwaggo ta nuna tsakar gida ta ce, "Wancan fa, na ɗanta?"

Sati da mutum uku suka kwantar da ƙofar a bayan ɗaki, suka fita. Aka kewaye da zannuwa. Marta ta yi ta jido ruwa tana ajiyewa a bakin labule, ni ina miƙa wa Gwaggo. Inna ta rame sosai, Yaya, ko rabin faɗin ba ta cika ba. Yatsu huɗun nan da suka hana ta shiga bakin zaure, a nan Gwaggo ta ajiye sabulu da turare. Da aka gama na ji tana ce wa matan, "Na yi wa mutane da yawa wanka, ban taɓa samun ƙyaure mai daɗin aiki irin wannan ba. Ba ya motsi, ba ya ƙara."

Bayan sadakar bakwai zan bi Gwaggo Ibeto. Ta ce za a duba maganar makaranta, ban sa rai ba. Na mayar wa Madina littattafanta. Ta ce bari ta gaya mini ƙarshen wancan da awaki suka ci, na ce ta bar shi.

Sati ya ce yanzu bango ya bushe, in ina so ya fasa ya kafa. Na ce a'a. Na ce ranar da za mu tafi su jingina ta a bakin zaure ta ciki, su tokare da turmi. Tunda ta fi wurin girma, za ta rufe shi ruf, ko akuya ba za ta sami hanya ba. Mu sai mu tsallaka katanga mu fita ta gidan Marta. In ka zo za ka gan ta tun daga bakin lungu, rawayar ba ta dushe ba. Kada ka tura, ba za ta buɗu ta waje ba. Ka bi ta wajen Marta, ƙararrawar ma tana hannunta.

Abu ɗaya kuma, don na san za ka so ka ji. Bayan an fita da Inna, na ɗauki tsumma na je in goge ta. Na duba gefe, na duba ƙasa, har wurin da zarton Sati ya ƙwarzana. Ruwan duk ya gangare. Shafa ɗaya na yi ta bushe, ba tabo, ba alamar an kwantar da kowa a kai.

Gaskiya ka faɗa, ruwa bai shige ta ba. Ka iya aiki, Yaya.

Ƙanwarka,
Zulaihatu